Jan Kwali, Shuɗin Kwali

A Coventry, hunturun da Mu'azzam ya cika sha biyu,
na tsaya a shagon wasanni da rigar direban bas a jikina,
kuɗin aikin dare na mako shida a aljihu,
ƙafafuna suna tsami.

Akwati biyu a bayan gilashi.
Baƙin mai tsada ne, ya haɗiye na'urar shuɗin faifai
tun daga masana'anta.
Farin da sauƙi, amma in kana son fim tar-tar
sai ka saya masa ɗan goyo,
wani ƙaramin akwati mai wutsiyar waya
wanda ba ya cin komai sai faifan jan kwali.

Na tambayi yaron shagon, Kieran, mai ɗan kunne a gira:
wanne zai yi ƙarko?
Ya ɗaga kafaɗa, ya ce manyan ba su gama dambe ba.
Na cire haya, na cire kuɗin wuta,
na cire na Inna a Funtuwa.
Abin da ya saura, shi ya yi mini zaɓi.

Balaraba ta ce, araha ba ta ado.
Na ce, ke dai zo ki ƙirga gashin bakin damisa.
Ta zo da ludayi a hannu,
ta tsaya har miya ta kama.

Faifai bakwai na tara, na jera su bisa kanta,
jajaye kamar barkono a shanya.

Wata safiya a Fabrairu, ina ɗumama inji a gareji,
rediyo ta faɗa tsakanin labarin ƙwallo da na ruwan sama:
masu ja sun ajiye makamai.
Can wata ƙasa wasu masu kwat suka sunkuyar da kai gaban kyamara,
nan kuwa aka rufe rijiya da kuɗina a ciki.
Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.
Ranar na wuce tasha biyu ban tsaya ba,
wata tsohuwa ta yi ta danna ƙararrawa.

Na mayar da ɗan goyon cikin ledarsa.
Kieran bai ko buɗe ba.
Ya nuna mini kwando a bakin ƙofa,
'yan uwan faifaina kwance a ciki, fam ɗaya ɗaya,
kamar tumatirin yamma.

Na dawo ina shirya yadda zan ba yaro haƙuri.
Na same shi a ƙasa, ya harɗe ƙafa,
shi da Tunde ɗan maƙwabta, suna ta zura ƙwallo a raga.
Na ce, an ci mu yaƙi.
Bai juyo ba. Ya ce, Baba, wane yaƙi? Matsa, ka tare mini gola.
Faɗan da ya fi ƙarfinka, an ce, mai da shi wasa.
Shi tun farko wasan ya sani.

Yanzu yana Leeds, gemu ya fito.
Akwatinsa na yau ko bakin saka faifai babu,
komai daga iska yake sauka.
Jiya a shagon gwanjo na ga shuɗin da ya ci yaƙi
a kwando, kusa da tsofaffin takalma.
Na ɗauka, na juya, na yi masa sannu,
na mayar.

Da dare na jona ɗan goyon nan.
Ya yi tari, ya yi gurnani, ya karɓa.
Damisar tana nan, ba a gaya mata komai ba,
tana lasar ƙafarta a kan reshe.
Balaraba ta gyara tabarau, ta matso kusa.
Ta kai sha tara ta ɓata lissafi,
ta ce in mayar baya.