Moɗa Mai Jan Zare

Sun ba ni takarda a jami'a,
tambaya ashirin da uku, kowace da akwati biyar,
suka ce in je garinmu in auno musu ƙyama.
Na san mudu, na san tiya.
Ban taɓa ganin an auna cikin mutum da biro ba.

Na sauka Babura ana cin kasuwa,
ɗan acaba ya ƙarasa da ni ƙauye bayan la'asar.
Na iske Baffa Tanimu a zaure
zaune kan buzunsa, carbi na tafiya.

Baffa, za ka yarda baƙo ya zauna a garin nan?
Ya ce, baƙonka annabinka, sa biyar.
Ya zama maƙwabcinka, katanga ɗaya?
Biyar.
Ku sa hannu a akushi ɗaya?
Carbin ya tsaya.
Ya nemi auren Talatu?
Ya ce, kai yaro, wai wa ya aiko ka?

Ana haka Agali ya yi sallama,
rawani ya rufe rabin fuska, ƙafa duk laka.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
da ya gangaro daga arewa da igiya da diga
ya haƙa rijiyar da garin nan ke sha,
gaba goma sha tara, shi kaɗai a ƙasa.
Bai nufi moɗar da ke kan randa ba.
Hannunsa ya san hanya:
ƙusa a bango, moɗa mai jan zare a mariƙi.

Da dare na tambayi Gwaggo Asabe, zaren nan fa?
Ta ce ai da tari ya zo, shekarar da dabbobi suka mutu.
Tarin ya warke kafin kaka.
To zaren?
Ta ce idan ya tsufa mukan sake wani.

Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini.
Hancin Inna na kalla ina ɗan shekara biyar,
yadda yakan tattare in ta ɗauko moɗar da yatsa biyu,
yadda takan dirje hannu da toka bayan nan.
Tana kai masa tuwo da nama ranar sallah.
Ta yi kuka da matarsa ta rasu wurin haihuwa.
Tausayin gaske ne, ƙyamar ma gaske ce,
ɗaki ɗaya suke kwana ba sa faɗa.

Washegari na je wa Agali da takardata.
Ya ce sa mini uku a ko'ina, tsakiya ba ta jawo magana.
Da na tashi tafiya ya riƙo hannuna:
mutanen nan da suka gudo daga yamma,
da suka kafa bukkoki bayan firamare,
a yi hankali da su.
Ba a san abin da suka zo da shi ba.

Na dawo zaure, rana ta take.
Na ce ni fa na yi karatu,
na san sunan abin nan a littafi, na ci jarrabawa a kansa.
Na cire moɗar daga ƙusa, na ɗebo ruwa.
Maƙogwarona ya rufe kamar an ja zariya.
Na sha.
Amma sai da na goge bakinta da hannun riga.

Ashe yana tsaye a ƙofa.
Bai ce komai ba. Ya gyara rawani,
ya jira na gama, ya karɓa, ya sha ragowar,
ya mayar da ita kan ƙusarta.

Takarda ɗaya ta rage a jakata.
Na rubuta sunana a sama, da shekaruna, da garinmu.
Fitila ta kusa shanye kananzir
ina kan tambaya ta uku.