Sandunan Barira

Ni kafinta ne, a Katako nake neman abinci.
Na san ƙarar icce idan ya ba da kai,
amma ƙarar da na ji ran Laraba da la'asar
ba ta icce ba ce.

Dutsen bayan gidanmu a Gangare,
wanda kowa ya hau ya sauko lafiya,
ruwan sama ya bar shi da santsi,
Barira kuwa tana bin ɗan akuya.
Shekararta biyar.
Takalmi ɗaya ya tsaya a sama,
ita tana ƙasa, ko kukan ba ta fara ba,
tana kallon ƙafarta kamar aro aka ba ta.

Inna ta ce a kira maɗorin Dilimi,
shi ya ɗora ni ina yaro, ga ni ina tafiya.
Uwarta ta riga ta tsai da keke a bakin titi.
Ban ce uffan ba. Na ɗauki 'yata.

A asibiti aka ɗaga hoton ƙashi ga fitila,
na ga tsagar, siririya, a karkace,
irin wadda nake jefar da katako saboda ita.
Sista Nanret ta karanci fuskata.
Ta ce, "Baba, ƙashin yaro ɗanyen reshe ne.
Sati shida. Kada ruwa ya taɓa simintin."

Sati shida, a Jos, da damina!
Leda muke ɗaura wa ƙafar kafin wanka,
yatsun da suka leƙo na sa musu safata
don sanyin asuba ba ya tausayin kowa.
Ƙaiƙayi kuwa sai tsakar dare yake zuwa.
Ta ce in ba ta tsinken tsintsiya, na hana,
sai in riƙa ƙwanƙwasa simintin da yatsa
ina tambaya, "Wa ke ciki?"
Ta ce, "Ƙashi ne, yana aiki, kar a dame shi."

Inna ta huce, ta zo da romon ƙafar sa,
wai ƙashi ke gyara ƙashi.
Mama Kangyang ta miƙo gwaten acca ta katanga,
ɗanta Davou ya zo da biro
ya zana akuya a kan simintin, mai ƙafa biyar,
ya ce ɗaya ta ajiya ce.

Na auna daga hammatarta zuwa ƙasa,
na feƙe sanduna biyu, na goge har ba sartse,
soso a sama, robar taya a ƙasa.
Ta kalle su ta ce na tsofaffi ne.
Kwana uku suna jingine.
Ran na huɗu ɗan akuyan ya shigo tsakar gida,
sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas,
da ihun uwarta.

Ranar cirewa suka kawo zarto.
Ni da na tsufa da zarto a hannu
ni ne na rufe ido.
Ƙafar ta fito siririya, fata na saɓa.
Ta ce, "Wannan ba tawa ba ce."
Uwarta ta shafe ta da man kaɗanya dare bakwai
kafin ta yarda.

Na durƙusa taku huɗu daga inda take.
Ta sa ƙafar a ƙasa kamar mai gwada ruwan wanka.
Ɗaya. Ta tsaya. Ta harare ni.
Biyu.
Sauran biyun faɗowa ta yi a ƙirjina,
na dai ƙirga su.

Sandunan suna rataye a shago yanzu.
Jiya wani ya taya, na ce ba na sayarwa ba ne,
in ɗansa ya warke ya dawo da su.
Da yamma Davou ya sauko da takalmin daga dutse,
rana da ruwa sun cinye launinsa.
Barira ta zura ƙafa.
Ya yi mata kaɗan.