Hayar Ruwa

Kakana Nomau, Basarken Yawuri,
goro ya biyo har Ikko, jari ya karye,
ya kama aiki a jirgin masu awo.
Shi ke wurga dalma, shi ke jan igiya,
yana kiran zurfi: gaba huɗu! biyar da rabi!
Bature yana rubutawa.

An ba wani kamfani hayar gaɓa,
shekara casa'in da tara, in ji takarda,
daga gindin kwakwar nan mai doro
zuwa inda harsashin igwa zai gaji ya faɗi.
Mil uku, har da ruwan da ke tsakani.
Nomau ya ce: ruwan wane lokaci?
Na asuba ya wuce Badagiri tun hantsi,
na la'asar baƙo ne, bai ji zancen ba.
Tafinta ya yi tari, ya ƙi juyawa.

Suka jefa jan duro mai sarƙa,
suka ce daga nan ya haramta.

Hunsu, masunci, ɗan Egun,
kwalekwalensa na waje, birgi ya faɗa ciki.
Sule biyu tara, aka riƙe komarsa.
Aka kira Nomau shaida.
Ya ce: a garinmu gamba ake dasawa tsakanin gonaki,
ko ita sai an yi rantsuwa a kanta bayan damina.
Na duba kifin nan ciki da bai,
ban ga hatimin kowa ba.
Aka ce ya sauka, ba a tambaye shi karatu ba.

To, daren da wata ya ɓuya,
su biyu, babu yaren da ya haɗa su sai filafili,
suka ɗaga angar duron, hannu na jini,
suka ja shi gaba ɗaya tak wajen tudu.
Wata mai zuwa, wata gabar.
Da safe shi ne dai mai igiya,
ya kira abin da ya kira.
Shekara goma sha ɗaya iyaka na tafiya da baya
kamar mai ban kwana da surukai,
a taswira kuwa jan layi bai motsa ba.

Jiya cunkoso ya tsayar da ni bisa gada,
na kashe mota, na leƙa.
Wurin duk an cike shi da yashi,
benaye sun tsaya inda karfasa ke kwana,
kowane da katanga, da waya, da mai gadi,
mai gadin ma ɗan wajenmu ne.

Dalmar tana nan gidana a Agege.
Da ita nake tokare ƙofa
in ruwan sama ya shigo tsakar ɗaki
bai nemi iznin mai haya ba.