Kalmar Sirrin Graciete

A Setubal, layi na uku daga bakin teku,
Amadeu ya zare filogin rawuta,
ya ƙirga talatin da yatsu masu kantar igiyar jirgi,
ya mayar.
Fitila ta yi ja, ta yi ruwan lemo, ta yi kore.
Kwamfutar hannun da 'yarsa ta aiko daga Luzambur
ta ƙi kamawa.

Ya matsar da ita har suna gogar juna.
Ya kawar da rediyo da tukunyar fure.
Maƙwabciya Idalina ta leƙo, hannu duk fulawa:
"Kifa akwatin, lambobin na ƙasa."
Ai an canza su tun bara waccan.
Graciete ce ta canza,
ita kuwa tun hunturu tana kwance a maƙabartar tudu.

Ya gwada ranar aurensu. Kuskure.
Sunan jirginsa. Sunan kyanwa,
da babban baƙi, da ƙarami.
Allo ya tambaye shi ko zai manta da wannan hanya.
Ya janye yatsa kamar ya taɓa garwashi.

Sai da dare, yana neman yadda take gasa sadin,
a bangon littafin girkinta,
ƙarƙashin tabon man zaitun,
ga rubutunta mai karkata,
kalma uku a manne, da yarensu:
rufe taga Amadeu.

Ya danna su ɗaya bayan ɗaya.
Sigina ta cika.
Fuskar 'yarsa ta bayyana: "Baba, kana ji na?"
Ya ce, "Ɗan dakata,"
ya tashi ya je ya rufe tagar.