Gurmi a Ojuwelegba

Ƙarfe bakwai na bar Agege,
gurmi a cikin buhun shinkafa saboda ruwa.
Kwandastan danfo ya ce shi ma sai ya biya kujera.
Na rungume shi a cinya kamar yaro mai zazzaɓi
har Ojuwelegba.

Gidan abincin Madam Folake tebur tara ne,
na goma ƙafarsa uku, an tokare shi da kiret.
Dandalinmu katako biyu ne tsakanin firji da ƙofar bayi,
duk wanda fitsari ya matsa
sai ya ratsa ta tsakiyar waƙata.

Kolade na kan ganga, Ebuka na kan fiyano
mai maɓalli biyu da suka mutu tun bara,
ya iya tsallake su kamar mai tsallake kwata.
Ni ne na uku. An rubuta Tanimu da alli a ƙofa,
an cinye harafi ɗaya.

Ba mu kaɗai ke wasa ba.
Talabijin na bisa kaina, ana ƙwallon Turai,
in aka yi ihu sai in ɗago ina murmushi,
ashe wani ne ya ci a wata ƙasa.
Wani mai tumbi ya miƙo ɗari biyu
ya ce in yi masa waƙar da ban taɓa ji ba.
Na yi masa tawa. Bai lura ba.

Inna a Gumel ta san gadi nake yi.
Ba duka ne ƙarya ba:
ido biyu nake kwana,
ina tsaron abin da ba wanda ya zo sata.

Wajen goma da rabi aka ɗauke wuta.
Janareto ya yi tari uku, ya ƙi.
Fiyano ya mutu, lasifika ta mutu, 'yan ƙwallo suka ɓace,
Kolade ya kwantar da tafinsa a kan fata.
Fanka na ƙarasa juyinta a duhu.
Yatsuna ko ba su san an ɗauke komai ba.
Ƙwarya da tsirkiya,
yaushe suka taɓa jiran waya?

Na ji cokali ya kwanta a faranti, sannan wani.
Wata ta ce wa mijinta ya yi shiru,
da Yarabanci, amma na gane.
Daga bakin titi, mai tsire, ɗan Illela,
wanda wata shida da kai kawai muke gaisawa,
ya karɓa mini amshi, muryarsa duk hayaƙi.
Yoyon kwano na ɗiga a bokiti,
shi ma bai saɓa kiɗa ba.

Wuta ta dawo, aka yi shewa.
Ta fitila ce.
An rama ci, in ji talabijin.

Madam ta ƙirga mana dubu tara, uku uku,
da shinkafa a leda, tsoka ɗai ɗai.
Ta ce yau ba ciniki, amma Juma'a mu dawo.
Mai tsire ya cusa mini ƙunshi mai zafi a aljihu,
na zaro kuɗi, ya ɓata rai.

Ga ni a ƙarƙashin gada, ba motar Agege sai asuba.
Maiƙo ya huda takarda ya kama mini riga,
ita kaɗai ce ta fita.
Sanyin ruwa ya sassauta tsirkiya ɗaya,
ina ja da haƙori, ina saurare,
tukuna, tukuna,
tirela na wucewa a samana.