Awon Rigar Kogi

Shekara arba'in da ɗaya na Kogin Ofin
suna kan teburina a Kumasi,
cikin littattafan da gara ta ɗanɗana.
Agya Bempa ne ya cika su da biro,
kullum asuba ya gangara gaɓa ya karanta sandar awo
kamar mai taɓa goshin ɗa ya ji ko zazzaɓi ya sauka.

Aikina in zaɓa wa lambobin nan riga.
Haka nake faɗa wa babana, Sallau tela,
wanda ya tsufa kan keken ɗinki a Aboabo
ya san tsiyar awo.

Na fara da lanƙwasa mai siffar ƙwarya a kife,
dama da hagu daidai wa daida.
Ta yi kyau a takarda, amma kogi bai san ta ba.
Da rani rarrafe yake,
da damina tsalle ɗaya ya wuce bakin takardar.

Sai na ɗauko masu wutsiya.
Ɗaya ta ce a ɗaga gada mita huɗu,
mai doguwar wutsiya ta ce biyar da rabi.
A tsakiya bakinsu ɗaya,
kamar masu gishiri a Kejetiya,
sai can ƙarshe, inda ba mai shaida, suke musu.

Mita ɗaya da rabi.
Injiniya Ofori ya ce siminti ne wannan, kuɗi ne,
ɗauki mai sauƙin ki sa hannu.
Ni kuwa na san tsawon nan,
tsawon ƙanwata Lantana ne
daren da muka miƙa ta kan rufin kwano.
Ba Ofin ba ne ya shigo mana, rafin bayan gida ne,
amma ruwa in ya kai wuya ba a tambayar sunansa.

Akwai shafi fari a littafi na sha bakwai.
Yuni, kwana tara babu lamba.
A ƙasa da ƙaramin rubutu: ruwa ya tafi da sanda.
Na'ura ta lissafa shi babu.
Babban baƙo ya zo ya tafi
bai sa hannu a rajista ba.

Ga kuma ɗaya gefen, wutsiyar ƙishi,
lokacin da Barekese ke nuna laka,
jarkoki su yi sahu gaban famfo mai tarin iska.
Rigar da ta shigi ambaliya ba ta shigar fari.
Dole ɗinki biyu ga jiki ɗaya.

Baba ya ce, kin ce ta shekara ɗari ce,
to mun sha tamu, sai jikoki.
Na ce a'a, Baba, ƙuri'a ce ake ja kowace damina,
ɗaya cikin ɗari, kuma ba ta tuna wa ta faɗa wa bara.
Ya tsai da keke. Bai ce komai ba.

Ran Asabar na hau mota zuwa ƙauyen Agya Bempa.
Ya rasu. Matarsa ta ja ni bayan coci,
ta ɗora yatsa a bango, sama da kanta,
inda fenti ya canza launi.
Na auna da tef ɗin babana, hannuna na rawa.
Ko doguwar wutsiyar da ƙyar ta taɓo wurin.

Ita na zaɓa.
Na rubuta a rahoto, ƙasa da sunana,
iyakar abin da na sani da faɗin abin da ban sani ba.
Ofori ya karanta ya yi tsaki, ya sake karantawa.

Da dare Baba yana zare a allura, bai ɗago ba,
ya ce, in za ki yi wa yaro ɗinki
ki bar kalmasa mai faɗi.
Garin nan kullum ƙara kwalta yake.
Kogin naki bai gama girma ba.