Ƙafa Huɗu

Ranar da na saye ta bayan tashar Tawa
dillali ya buga tafinsa bisa ƙafar baya:
"Malam Nomau, wannan ba ta san ragwanci ba.
Huɗun nan duka ja suke.
In ɗaya ta zame, ukun su karɓe mata."
Na ƙirga masa adashen shekara uku
da kuɗin bijimin
da Inna ba ta yafe mini ba har yau.

Wata bakwai tana taka guduro kamar amarya,
daga gida zuwa lakkol, daga lakkol zuwa kasuwa.
Ƙafa biyu ke aiki, biyu na cin albashin banza.
Mutari yana wanke ta har ya ga haƙoransa a ƙofa.

Sai Inna ta ce gida take so.
Ta gaji da fanka, ta gaji da allurar lokotoro,
tana so ta ga ko geronta ya fid da kai.

Mun fita da hantsi, bayan ruwan daren Talata.
Tsahara a gaba da kwanon fura bisa cinya,
Inna a baya tsakanin jikoki, tana jan carbi,
buhun shinkafa, tabarma, da kaza ɗaure a but.
Hanyar Tamaske ta yi ja kamar hanta.
Inda guduro ya ƙare na ji ta farka:
baya ta zame hagu,
gaba ta ciji ƙasa, ta jawo ta kan layi.
Babu wanda ya umarce su.
Tsakaninsu suka gama magana, can ƙarƙashin kujerunmu.
Na dubi Tsahara. Ta ƙi dubana,
amma furar ba ta zube ba.

Mun wuce kamyon albasa kwance a gefe,
yaran mota zaune bisa buhuna suna shan shayi.
Na ɗaga musu hannu.
Allah Ya yafe mini wannan hannun.

Ga kori.
Ruwa ya wuce, ya bar yashi sumul kamar an share don baƙo.
Na shiga da ƙarfi.
Taku goma, goma sha biyu,
sai ta durƙusa kamar raƙumin da aka cika wa kaya.
Na taka. Huɗun suka juya tare, da gaskiyarsu,
kowace na haƙa wa kanta kabari.
Dillali bai yi ƙarya ba:
duka ja suke.
Ƙasar ce ba ta da abin kamawa.

Wani dattijo ya gangaro da jakai biyu, Arzika sunansa.
Bai tambayi kuɗinta ba.
Ya tsuguna, ya leƙa cikinta kamar mai duban saniya,
ya ce, "Ta cika iska. Rage mata."
Da tsinken ashana muka sace wa kowace ƙafa numfashi
har ta baje, ta faɗaɗa kamar tafin raƙumi.
Muka tone da kwano, da hannu,
muka shimfiɗa tabarmar Inna da rassan sabara.
"Kada ka taka kamar mai bin bashi.
Lallaɓa ta."

Na lallaɓa.
Tsahara da Mutari da Basira a baya, kafaɗa ga ƙarfe,
jakai a gaba da igiyar rijiya.
Ta yi nishi, ta kama, ta saki, ta kama,
ta hau.

A gaɓa na miƙa masa jika biyu, ya karɓi ɗaya.
Inna, da ba ta sauka ba tun farko,
ta leƙo ta taga tana ƙirga sawun da ke cikin yashi,
na jakai, na yara, na tsoho, na matata da takalmi ɗaya.
Ta ce, "Nomau,
ƙafa nawa ka ce motar nan take da?"

Geron ya fid da kai.
Tabarmar tana can.